Bindigar da Ta Ɓata a Motar Mista Delmer

Ranar Litinin, ƙarfe takwas da kwata na safe, Delmer Stroud ya shiga ofishin 'yan sandan Pine Ford da hularsa a hannu. Duk wanda ya san mutumin nan ya san ba ya cire hular sai a coci ko a bakin kabari.

Sufeto Royce Tillery yana tsaye yana zuba kofi. Da ya ga tsohon sai ya ajiye butar.

"Mista Delmer! Lafiya da sassafe haka? Ko matarka Mis Vernell ce ta gaji da kai ta koro ka?"

"An sace mini bindiga, ɗana."

Dariyar Sufeto ta ɗauke. Ya ja masa kujera, ya ɗauko takarda da biro.

A nan gabashin Texas bindiga ba abin labari ba ce, kusan kowane gida akwai. Amma a ce ta Delmer Stroud aka sace, wannan kam labari ne. Shekararsa saba'in da uku, dattijon coci ne, shi ya koya wa rabin mazan garin nan harbi, har da shi kansa Sufeton. Kuma shi ne mai kula da shafin intanet ɗin da mutanen gundumarmu ke sa tallar bindigoginsu, mai sayarwa ya sa hoto da farashi, mai so ya yi magana.

Dokar jiharmu ba ta hana ka sayar wa ɗan jiharka bindiga hannu da hannu ba, muddin ba ka san kotu ta haramta masa riƙe makami ba. To amma doka daban, ladabi daban, kuma ladabin shafin nan Delmer ne ya zauna ya buga shi da yatsa ɗaya, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ya ce a haɗu da rana, a inda jama'a ke wucewa. Kafin ka miƙa wa mutum bindiga ka buɗe ta ya gani da idonsa babu harsashi. Mai saye ya nuna lasisin tuƙi da katin izinin riƙe makami, ko da uwa ɗaya ta haife ku, sannan a rubuta takarda biyu da lambar bindigar, kowa ya sa hannu ya riƙe ɗaya. Akwai sauran sharuɗɗa, kuma duk wanda ya taka ɗaya Delmer ba ya jin magiya. Har wani fasto ya taɓa kora.

"Wace ce daga cikinsu?" in ji Sufeto.

"Ƙaramar nan baƙa, ta hannu. Na sa ta a talla ranar Laraba, dala ɗari biyar da hamsin. Ga lambarta."

"Yaushe rabonka da ita?"

"Juma'a da safe. Na kai ta filin kantin abincin dabbobi wani ya gani, ba mu daidaita ba. Na mayar da ita ƙarƙashin kujerar mota, na wuce gidan abincin Nadine. Jiya bayan an tashi coci na duba, babu."

"Daga Juma'a har Lahadi ba ka duba ba?"

"Tsufa ne, ɗana."

"An fasa gilashi?"

"A'a. Ina jin mantawa na yi ban kulle ba."

Sufeto ya ɗago ya dube shi, sannan ya rubuta.

"Wa ya zo ganin ta?"

Tsohon ya juya hularsa a kan gwiwa, ya sake juyawa. "Wani mai walda ne. Ramiro Cantu. Ya taya ɗari huɗu, na ƙi, bai ji daɗi ba. Kuma ya ga inda na ajiye ta."

"Zarginsa kake yi?"

"Ni ban ce ba. Abin da na gani na faɗa."

A ofis kam bai ce ba. Amma daga nan gidan abincin Nadine ya nufa, inda mu tsofaffin garin muke zaman kofi, muka yi ta tonon bakinsa har ya maimaita mana abin da ya gaya wa Sufeto. Sauran mu muka ƙarasa da kanmu. Ina teburin nan, kuma ban ce a dakata ba. Kafin rana ta take, babu wanda bai ji cewa mai waldan nan ɓarawo ne ba.

Da Sufeto ya isa garejin walda na Dewey Landrum, sai ya tarar da Ramiro Cantu zaune a bayan a-kori-kurarsa, kwanon abincinsa a gefe bai buɗe ba. Mutum ne gajere mai kauri, shekara uku ke nan da ya zo daga kudancin jiha da matarsa da 'ya'yansa mata biyu.

"Ka makara, yallaɓai," in ji shi. "An riga an yanke mini hukunci. Maigidana ya ce in tafi gida sai an wanke ni. Ya ce gidajen mutane muke shiga mu kafa ƙofofi, ba zai tura musu ɓarawo ba."

"Ka riƙe bindigar ranar Juma'a?"

"Na riƙe. Ya buɗe ta, ya nuna mini babu komai ciki, sannan ya miƙo. Kafin nan sai da ya duba lasisina da katina gaba da baya, har ya tambaye ni ranar haihuwata, ka ce 'yarsa zai ba ni."

"Ka taya ɗari huɗu."

"Na taya. Ya kalle ni kamar na zagi mahaifiyarsa. Ya ce ba a yi wa mutum irin wannan tayi bayan ya ƙona mai ya zo. Na ce to ai a tsumma ka naɗo ta, ko kwali babu. Ya ce kwalin da littafinta da gidajen harsashi biyu suna gida, sai an daidaita yake kawo su."

"Daga nan fa?"

"Na dawo aiki."

"Ba ka sake zuwa kusa da motarsa ba?"

"Ko kusa."

Ramiro ya ciro wayarsa. "Yallaɓai, ka sa hankali. Da na dawo na yi tunani na ga tsohon yana da gaskiya, ta kai kuɗin. Ƙarfe goma sha ɗaya na shiga ƙarƙashin tallar na rubuta 'na ɗauka'. Ka san ƙa'idar, wanda ya fara rubuta wannan kalma kaya nasa ne. Wane irin ɓarawo ne zai sa sunansa a kan abin da zai sata?"

"Nuna mini."

Ya lalubo, ya sake lalubowa, ya miƙa wayar. Babu tallar. An goge ta gaba ɗaya, da hotonta da maganar da ke ƙarƙashinta.

Wannan ya tsaya wa Sufeto a rai. A shafin nan ba a goge talla. In an sayar a rubuta "an sayar", in an fasa a rubuta "na janye", a bar farashin a wurin don na baya ya san yadda kasuwa take. Shi kansa Sufeton ya taɓa shan faɗa a wajen Delmer a kan wannan. Amma ya ce a ransa mutumin da aka yi wa sata yana iya yin abu cikin fushi, ya ninke takardarsa ya tafi.

A gidan abincin, Nadine ta kai shi ɗakin baya ta kunna masa hoton kyamarar da ke kallon filin ajiye motoci.

"Ga motar Ɗan'uwa Delmer can," in ji ta. "Yana ciki yana cin kifinsa na Juma'a. To dubi wannan."

Ƙarfe goma sha biyu da minti ashirin, ga Ramiro Cantu ya taho. Ya zagaya motar, ya kifa tafukansa a gilashi yana leƙe. Sai wata tirelar shanu ta shigo ta tare kyamarar. Minti huɗu ta yi. Da ta wuce, babu Ramiro.

"Ka gani?" in ji Nadine. "Ni dama tun da na ga idonsa."

"Me idonsa ya yi, Mis Nadine?"

Ta juya ta kashe hoton.

Bai kai ga komawa ofis ba aka kira shi daga gundumar da ke maƙwabtaka da tamu. Lambar da ya shigar cikin jerin kayan sata da safe ta yi daidai da wata bindiga da ke hannunsu. Ranar Asabar da la'asar wani Trent Mabry, ɗan garinmu, ya bi matarsa Shawna gidan yayarta inda ta gudu, ya yi harbi uku ta cikin ƙofa. Ɗaya ya same ta a ƙugu. Tana asibiti da rai, amma likitoci ba su ce za ta sake tafiya daidai ba. An kama Trent, ya ƙi cewa uffan. Kuma tun watan Afrilu akwai umarnin kotu a kansa, kada ya kusance ta, kada ya riƙe makami.

"Muna son wanda ya ba shi," in ji jami'in can. "Wa kuke zargi da satar?"

Sufeto ya faɗa.

"Sun san juna da Trent?"

Sun san juna. Bara sun yi wata shida tare a garejin Landrum kafin a kori Trent.

Da yamma aka ɗauko Ramiro daga gidansa a gaban matarsa. A ɗakin tambayoyi Sufeto ya juya masa hoton kyamarar.

"Ka ce mini ko kusa."

Ramiro ya sunkuyar da kai. "Na koma. Na ciro kuɗin cif, ɗari biyar da hamsin, na ga motarsa, na leƙa ko yana ciki. Ba ya ciki. Na ji kunyar shiga in same shi a gaban tsofaffin nan bayan tayin da na yi masa, sai na juya."

"Ka taɓa ƙofar?"

"A kulle take. Na ga maɓallan a danne."

"To me ya sa ka yi mini ƙarya?"

"Sunana Cantu, baƙo; nasa Stroud, ɗan gari. Ku duka shi ya koya muku riƙe bindiga. In na ce na leƙa, wa za ka yarda da shi?"

Sufeto ya gaya masa abin da ke gabansa. Satar bindiga laifi ne mai nauyi. Miƙa ta ga mutumin da kotu ta hana, ya je ya harbi mace, wannan shekaru ne a kurkuku, ba watanni ba. Lauyan gwamnati ya ce ranar Laraba zai shigar da ƙara. Aka karɓe masa bel da igiyar takalmi, aka rufe shi.

Washegari da hantsi Sufeto ya tafi gidan Delmer, wai don ya ɗauki hoton motar. Tsohon ba ya nan, ya tafi yanke ciyawar maƙabartar coci. Matarsa Vernell ta zaunar da Sufeto a baranda, ta kawo masa shayi mai ƙanƙara da burodin masara.

"Ci, Royce. Kai ma ka rame. Duk maza sun daina cin abinci a garin nan."

"Wa kuma ya daina, Mis Vernell?"

"Wannan tsohon nawa mana. Tun Lahadi. Fasto ya tashi ya ce a yi wa yarinyar nan Shawna addu'a, sai Delmer ya miƙe ana tsakiyar waƙa ya fice. Na ce ko cikinsa ne. Ka san Hoyt, uban Trent, abokinsa ne tun suna yawo ba takalmi. Shi kuma Hoyt yana kwance tun Fabrairu, shanyewar ɓarin jiki, ko cokali ba ya iya riƙewa. Ba a ma gaya masa abin da ɗansa ya yi ba."

"Allah ya ba shi sauƙi. Mista Delmer ya ce mini ya manta bai kulle motar ba ranar Juma'a."

Ta bushe da dariya har da tafa cinya. "Delmer? Mutumin da ke kulle mota a cikin garejinsa, ya taho, ya koma ya ja ƙofar ya ji? Shekara hamsin da ɗaya ina tsayuwa cikin rana ina jiransa yana jan ƙofa."

"Kwalin bindigar nake son gani. Akwai lamba a jikinsa."

"Kwali ai ba ya nan. Ya tafi da shi."

"Yaushe?"

"Juma'ar dai. Wajen ƙarfe biyu ya dawo, ya zauna a teburina ya goge ta da mai, duk ya ɓata mini shimfiɗa. Ya sa ta a kwalinta, ya haɗa da littafin da komai, ya fita. Na ce ka sami mai saye ke nan? Ya ce in bar shi." Ta tsaya, ta dube shi da kyau. "Royce, me ya faɗa maka ne?"

Sufeto ya ajiye kofin.

"Na gode da shayi, Mis Vernell."

Daga cikin mota ya kira jami'in gundumar can.

"Da kuka kama Trent Mabry, bindigar kaɗai kuka samu?"

"A'a. Akwai kwali a bayan motarsa, da littafi, da gidajen harsashi biyu. Har da ƙyallen gogewa an ninke shi tsaf. Me ya faru?"

"Zan sake kiranka."

Ɓarawo ba ya samun kwali da littafi a ƙarƙashin kujera. Mai saye ake haɗa wa su.

Ya ajiye motar a gindin wata bishiya, ya buɗe shafin a wayarsa, don shi ma yana ciki. Akwai ɓangaren da ake kira wajen shaida. Duk wanda ya gama ciniki yakan je can ya rubuta yadda ya sami abokin cinikinsa, mai kyau ko marar kyau, don wanda bai san shi ba ya san da wa zai haɗu. Rashin yin haka rashin tarbiyya ne a wajenmu. Ƙarƙashin sunan Delmer akwai shaida ɗari biyu da goma sha huɗu, babu marar kyau ko ɗaya. Ta ƙarshe an rubuta ta ranar Juma'a, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma:

"Mun yi ciniki yau. Ya zo kan lokaci, kaya tsaf yadda ya faɗa, har da kwali. Dattijon arziki ne, a saya wajensa ba fargaba."

Sunan da ke ƙarƙashinta Hoyt Mabry ne, mutumin da ba ya iya riƙe cokali.

Ku dubi lamarin ɗan Adam. Yaro ya ari sunan ubansa marar lafiya, ya sayi makamin da zai harbi matarsa da shi, amma bai manta ya yi wa mai sayarwa shaida ba, saboda haka aka koya masa. Mun koya musu gaisuwa da godiya da yadda ake miƙa bindiga. Sauran ban san inda muka bar shi ba.

Sufeto ya sami Delmer a maƙabarta yana tura injin yanke ciyawa tsakanin kaburbura, rigarsa sharkaf da gumi. Ya tsaya a gabansa har sai da ya kashe injin.

"An sami bindigarka, Mista Delmer."

"Na ji."

"Wa ya gaya maka?"

Tsohon ya sunkuya yana cire ciyawa daga jikin injin.

"Ramiro Cantu ya kwana a rufe. Gobe za a shigar da ƙara."

"Ni ban ce a rufe shi ba."

"Ba ka ce ba. Me ya sa ka goge tallar?"

"Raina ne ya ɓaci."

"Ka ce tun safiyar Juma'a rabonka da ita. Mis Vernell ta ce ƙarfe biyu kana goge ta a teburinta."

"Vernell ta rikita ranakun. Alhamis ce."

Sufeto ya miƙa masa wayar. Tsohon bai karɓa ba, kallo ɗaya ya yi wa rubutun ya kau da kai.

"Wannan wata jakar bindiga ce na sayar wa Hoyt."

"Hoyt ne ya tuƙo mota ya zo kan lokaci? Hoyt ne ya buga wannan da hannunsa?" Muryar Sufeto ta yi ƙasa. "Mista Delmer, ina shekara tara ka tsinka mini mari don na ce maka bindiga babu harsashi alhali ban duba ba. Ka ce kada in sake faɗin abin da ban tabbatar ba. Kada ka sa in ci gaba da jin wannan daga bakinka. Ni kunya nake ji."

Delmer ya saki hannun injin. Ya nemi gefen wani kabari ya zauna. Sufeto ya karanta masa haƙƙinsa na yin shiru da na neman lauya. Tsohon ya kaɗa hannu.

"Bar shi, ɗana. Na yi shirun ya isa."

Sannan ya fara.

"Ina fitowa daga wajen Nadine Trent ya kira ni. Ya ce Baba Delmer, na ga tallarka. Ya ce shi kaɗai yake kwana a bayan gari, an fasa masa ɗaki sau biyu. Na ce akwai wanda ya riga ka, ya rubuta ya ɗauka. Ya ce haba Baba, baƙo zai riga ɗan Hoyt? Muka haɗu ƙarfe uku a bayan tsohon injin auduga."

"A bayan injin auduga. Inda ba kowa."

"Ni na zaɓi wurin."

"Ka tambaye shi kati?"

"Na buɗe baki zan tambaya. Ya yi dariya ya ce, kai da ka ɗauke ni a kafaɗa ka kai ni kamun kifi, yau ni za ka tambaya kati? Sai na ji nauyi. Na ga fuskar Hoyt a tasa."

"Takarda fa?"

"In zan rubuta takarda dole in rubuta lambar katinsa. Kuma na san ba shi da shi."

"Ka san da umarnin kotu ke nan."

"Wa bai sani ba? Vernell ce ta kai yarinyar nan Shawna asibiti a watan Afrilu, da idonta a kumbure. Na ce wa kaina wataƙila wa'adin ya ƙare. Ban tambaya ba, don kada a ba ni amsa."

Ya share fuska da hannun riga.

"Da na ji a coci, na san lambar za ta dawo kaina, ni na saye ta sabuwa a kanti. Na fita na zauna a mota na goge tallar. Na ga shaidar da ya rubuta. Ni ke da ikon gogewa, dannawa ɗaya ce. Na ɗora yatsana a kai ya fi sau goma. Shekara goma sha ɗaya ban taɓa goge shaidar mutum ba, ko wadda aka yi wa surukina marar kyau. Hannuna ya ƙi. Ka ji irin mutumin da nake, Royce. Na iya yi wa hukuma ƙarya, na iya jefa bawan Allah a rami, amma wannan na kasa."

"Me ya sa Ramiro?"

"Kai ka tambaye ni wa ya gan ta."

"Na tambaya. Amma kai ka ƙara da cewa ya ga inda ka ajiye."

Tsohon ya rufe ido. "Ba ɗan cocinmu ba ne. Ba shi da kowa a nan. Na san za ku yarda."

"Kuma mun yarda," in ji Sufeto.

Ya ciro ankwa, ya tsaya yana jujjuya ta a hannu. Delmer ya miƙe da kansa ya haɗa hannuwansa a gaba.

"Sa mini. Mai waldan ka sa masa?"

"Na sa."

"To."

A ofis aka rubuta masa laifi biyu, sayar wa wanda kotu ta hana makami da kuma kawo ƙarar ƙarya. Aka buɗe wa Ramiro. Yana zaune a benci yana zura igiyar takalminsa aka shigo da Delmer. Suka haɗa ido. Tsohon ya buɗe baki, Ramiro ya mayar da kansa kan takalminsa.

Sajan da ke kan tebur ya turo wa Delmer wayar ofis. "Kana da kira ɗaya, Mista Delmer. Lauya ko gida?"

"Ba ni lambar garejin Dewey Landrum."

Sajan ya dubi Sufeto. Sufeto ya gyaɗa kai.

Aka ɗauka a can. Ƙarar injin yankan ƙarfe tana fitowa ta cikin wayar har ana ji daga bakin ƙofa.

"Dewey, Delmer Stroud ne. Maganar mai waldanka, Cantu. Bai ɗauki komai ba. Ni na yi ƙarya."

"Wa? Ɗan'uwa Delmer? Ɗaga murya, ba na jin ka!"

"Na ce bai saci bindigata ba. Ƙarya na yi masa."

"Ka ce an ga bindigar? A wajensa?"

Kowa a ofishin yana ji. Akwai 'yan sanda uku, da magatakarda, da wata mata da ta zo biyan tarar mota. Delmer ya dubi kowa, kunnuwansa suka yi jajir. Ya riƙe wayar da hannuwansa biyu masu ankwa, ya ɗaga murya irin yadda bai taɓa ɗagawa ba ko a waƙar coci.

"Ƙarya na yi, Dewey! Ni, Delmer Stroud! Ni na sayar wa Trent Mabry da hannuna, na ɗora wa wannan mutumin! Ka mayar da shi aikinsa!"

Aka kashe injin a can. Sannan muryar Dewey ta fito ƙasa-ƙasa. "Yana nan kusa? Ce masa ya zo gobe ƙarfe bakwai."

Delmer ya ajiye wayar ya juyo. "Ya ce gobe ƙarfe bakwai."

"Na ji," in ji Ramiro. Ya ɗaure igiyar ta biyu, ya miƙe, ya karɓi bel ɗinsa da makullansa. Sufeto ya tare shi a ƙofa.

"Mista Cantu, na yi maka ba daidai ba. Bari in kai ka gida."

"A motar 'yan sanda? 'Ya'yana sun gan ni a cikinta sau ɗaya, ya ishe su. Zan taka."

Ya fita cikin rana. Sajan ya kama Delmer a gwiwar hannu, a hankali, ya bi da shi ta doguwar barandar zuwa ɗakin da aka fito da wancan. Bargon da Ramiro ya kwana a kai yana nan a ninke, ba a riga an canja ba.